Dayarin tsara buri da ake bugawa a Katsina: yadda tela ya same shi

Akwai wani littafi da wata baiwar Allah ke bugawa a nan Katsina tana tallarsa a WhatsApp da Facebook. An yi shi ne don mutum ya rubuta abin da yake son cim ma a shekara, ya riƙa bin sawunsa mako-mako. Masu saye dayari suke ce masa, ko da yake ba irin wanda bankuna ke rabawa a ƙarshen shekara ba ne, mai ƙarewa a hannun yara suna zanen mota. Na sayi na 2025 a kan naira 6,000, da shi nake aiki tun farkon shekara har yanzu da hunturu ya fara leƙowa, kuma tunda an fara tallar na baɗi, bari in faɗi yadda na same shi. Ni tela ne, ɗinkin maza nake yi, shagona na wajen Ƙofar Marusa, ina da yara a hannuna. Daga kan keke na kalli littafin nan. Ma'aikacin sakatariya mai jiran albashin ƙarshen wata wataƙila abin da zai gani dabam ne.

Girmansa rabin takardar fotokwafi ne, bangonsa mai tauri da leda a kai, ƙura ba ta kama shi, shafa ɗaya da tsumma ya koma sabo. Takardar ciki tana da kauri daidai gwargwado, biro ba ya hudawa zuwa baya. Inda aka samu matsala shi ne ɗaurin. Da wayar nan mai zagaye ta masu fotokwafi aka haɗa shi, kuma a shagon tela babu abin da wayar ba ta kamawa: zare, gefen shadda, har tef ɗin awo. Kafin damina ta sauka bakinta na ƙasa ya lanƙwashe, shafukan farko sun fara zamewa. Ba ya shiga aljihun kaftani. Na ɗinka masa 'yar jaka da ragowar yadi, shi ke nan aka zauna lafiya.

Darajar littafin tana shafukansa na farko. An raba rayuwar mutum gida biyar, addini, iyali, sana'a da kuɗi, lafiya, sai ilimi, kowane gida layi uku kacal aka ba shi. Da farko na ga kamar rowar takarda aka yi. Ashe da gangan ne, don wanda aka ba shafi guda sai ya cika shi da mafarki, gida da mota da Hajji da ƙarin aure duk a shekara ɗaya. Ƙarƙashin kowane buri kuma akwai ƙananan akwatuna uku masu tambaya: nawa, zuwa yaushe, da me za ka fara a wannan makon. Akwatunan nan su ne suka biya kuɗin littafin.

Ga misali. Kowa a cikinmu yana cewa bana zan ƙara tilawa. Na rubuta haka, sai akwatin “nawa” ya tsaya yana kallona. Dole na ɗauko lissafi. Alƙur'ani bugun Madina shafi 604 ne, kowane juzu'i kusan shafi 20, izu ɗaya kusan shafi 10. Wanda ke karanta shafi huɗu bayan kowace salla ta farilla zai sauke a wata guda, wannan sananne ne, malamai na faɗarsa kowane azumi. Amma tela mai kwastoma tsaye a kansa bayan azahar da la'asar ba zai iya ba, kuma ya san ba zai iya ba. Sai na yanke shafi biyu bayan asuba, biyu bayan isha'i. Shafi huɗu a rana sauka ɗaya ce a kwana 151, sauka biyu a kwana 302, ka ga an bar wajen wata biyu na rara saboda lokutan da aiki ke hana mutum sakat. Buri ya tashi daga fatar baki ya zama abin da za a iya dubawa da dare a ce an yi ko ba a yi ba. Haka na yi wa maganar hawan jini: maimakon “kula da lafiya”, na rubuta awo sau ɗaya a wata a kemis ɗin unguwa, da tattaki zuwa shago da ƙafa ranakun da ba ni da kaya a hannu.

Ɗan yayata yana karatun koyarwa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, yakan biyo ta shago ya zauna kan benci yana cin min gyaɗa. Da ya duba akwatunan ya ce, “Kawu, wannan ai abin da ake koya mana ne.” Shi ya ba ni labarin wasu masana biyu, Edwin Locke da Gary Latham, da suka shafe shekaru suna nazarin ma'aikata, suka gano cewa wanda aka ba manufa takamaimai mai ɗan wuya ya fi ƙoƙari a kan wanda aka ce wa kawai ya yi iya yinsa. Ya kuma ambaci wani Bajamushe, Peter Gollwitzer, wanda ya nuna cewa ɗaura aiki a kan lokaci da wuri, kamar ka ce in na sallame asuba zan buɗe Alƙur'ani kafin in taɓa waya, ya fi niyyar da aka bari a sake. Na ce masa to mu ai salloli biyar sun riga sun yanka mana yini, turaku ne a kafe, abin ɗaurawa kawai ake nema. Abin mamaki littafin bai yi amfani da wannan ba. Shafin yini an jera shi ne da awoyi, ƙarfe shida, ƙarfe bakwai, har goma na dare, alhali a garin nan ko alƙawarin karɓar ɗinki “bayan la'asar” ake cewa.

Ɗan yayar tawa ne kuma ya tsinto wani abu a shafin gabatarwa. An rubuta da manyan baƙaƙe cewa wani bincike a wata babbar jami'ar Amurka ya nuna ɗalibai kashi 3 cikin 100 da suka rubuta burinsu sun fi sauran kashi 97 dukiya bayan shekaru. Wannan labari ya daɗe yana yawo, wani lokaci a jingina shi ga Yale a 1953, wani lokaci ga Harvard a 1979, kuma waɗanda suka bi diddigi ba su samu alamar an taɓa yin binciken ba. Wanda aka yi da gaske shi ne na wata malama, Gail Matthews, a Jami'ar Dominican da ke Kalifoniya, kuma abin da ta samu bai kai wancan armashi ba: masu rubutawa sun fi marasa rubutawa, waɗanda suka fi kowa kuma su ne masu aika wa wani aboki rahoton ci gabansu kowane mako. Ban ga amfanin buɗe littafin gyara kai da labarin ƙanzon kurege ba, musamman ga shi akwai na gaskiya da za a iya sawa.

Yanzu ga babbar damuwata, wadda ita ce ta sa na zauna rubuta wannan.

Littafin yana auna lokaci da kalandar da ba ita ke juya rayuwarmu ba. Wata goma sha biyu, Janairu zuwa Disamba, kowane wata shafukansa daidai da na ɗan'uwansa, kowane wata ana tambayarka buri uku na sana'a, uku na lafiya, uku na ilimi. To a 2025 an ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, aka yi ƙaramar Salla ranar 30 ga Maris. Duk watan Maris ke nan. Wanda ya taɓa leƙa shagon tela a goman ƙarshe ya san abin da nake nufi: ana shan ruwa a kan keke, a yi asham a dawo, janareto na kuka har sahur, mai kaya na zaune ya ce ba inda za shi sai da rigarsa. Ga masu hawan Salla da ke son kayansu kafin Sarki ya fito, su ba a yi musu uzuri. A irin wannan watan littafi na tambayata wane sabon ilimi na nema, kuma sau nawa na motsa jiki. Shafukan Maris nawa fari fat suke in ban da lissafin tilawa. Babbar Salla ta zo ranar 6 ga Yuni, ta cinye ƙarshen Mayu. Sai Mauludi, lokacin da 'yan makarantun Islamiyya ke ɗinka anko, kuma mutanen Daura ke shirin Sallar Gani. Sai bayan kaka, manoma sun sayar da amfanin gona, biki ya kankama. Tsakanin waɗannan akwai watannin da za ka wuni kana korar ƙuda, kuma su ne ainihin lokacin koyon sabon abu, gyaran keke, koya wa yara yanka, zuwa asibiti a duba ido.

Shekarar tela tana da tudu da kwari, kuma tudun matsawa yake yi. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta Bature da wajen kwana 11, shi ya sa azumin 2026 ya matso cikin Fabrairu. Ba tela kaɗai ba: mai sayar da shadda, mai kiwon ragunan layya, mai kayan miya, mai lalle da kitso, mai ƙanƙara, malamin da ke tafsiri, duk da wannan lissafin suke kwana suke tashi. Littafin da aka buga a Katsina don Katsinawa ya kamata a ce ya san Sha'aban watan shiri ne, Ramadan na da shafinsa na musamman, Shawwal kuma watan lissafin riba da biyan bashi. Abin da aka yi kawai shi ne an liƙa kwanan watan Musulunci da ƙananan lambobi a kusurwa, shi ma na lissafin kwamfuta, wanda wani watan yake saɓawa da sanarwar Sarkin Musulmi da kwana ɗaya. Tunda da ganin wata muke aiki, da an bar gurbin a buɗe kowa ya cike da hannunsa ya fi.

Makon ma haka. Yana farawa Litinin, an matse Asabar da Lahadi a ƙaramin akwati guda kamar ranakun hutu, an sa shafin bitar mako a daren Lahadi. Asabar da Lahadi su ne ranakun da ma'aikata ke samun sukunin kawo ɗinki da karɓa, su ne cikar kasuwata. Ranar da nake da sarari ita ce Juma'a, daga saukowa masallaci zuwa la'asar. Na soke “Lahadi” na rubuta “Juma'a” a kowane shafin bita. Bitar kanta tana da kyau ƙwarai, tambaya uku ce gajeru: me aka yi, me ya hana, me za a sauya. Tambayar tsakiya ce ta nuna min, bayan na ga amsa ɗaya tana maimaituwa mako bayan mako, cewa ba rashin wuta ke cinye min safiya ba kamar yadda nake faɗa wa kowa. Hirar masu zaman benci ce. Na rage bencin zuwa ɗaya.

Sashen kuɗi an yi shi da kyakkyawar niyya, akwai jadawalin tari na wata-wata da wani zanen tulu da kake shafe wa layi duk lokacin da ka ajiye wani abu. Yarana na shago sun fi son wannan shafin. Sai dai yana so ka rubuta burinka da naira tun watan Janairu, kuma duk wanda ya rayu a ƙasar nan daga 2023 ya san abin da ke samun naira a ajiye. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba, cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Dala da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Kekunan ɗinki da injinan wibin, masu ɗaure bakin yadi kada ya warware, daga waje ake shigo da su, yawanci daga Sin, dala suke bi. Wanda ya rubuta adadin kuɗin inji a Janairu ya dage yana shafe tulu, yana iya cika tulun ya je kasuwa a ce masa an yi gaba. Ni abin da na rubuta a gurbin shi ne sunan abin: injin wibin ɗaya, da batirin sola ɗaya. Duk wata in tambayi farashi in gyara da fensir. Wani abokina mai gini a hanyar Batsari shi da buhun siminti da bulo yake lissafi, da ya samu kuɗi ya saya ya jibge. Magidanta kuma sun daɗe da sanin sayen gero da masara da kaka, tiya-tiya ko buhu, ya fi ajiye kuɗinsu zuwa bazara. Littafin bai bar gurbin irin wannan tarin ba.

Babu kuma shafin adashe, alhali da shi yawancin masu sana'a ke sayen kayan aiki: ranar zubi, ranar kwasa, waye ke gabanka. Babu shafin bashi, wanda kake bi da wanda ake bin ka. Wannan ya ba ni mamaki, don aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Tela kuwa rabin dukiyarsa tana hannun mutane: an ba da kafin alƙalami, an karɓi kaya ranar jajibere, cikon sai “bayan Salla in sha Allahu”. Shafukan “ƙarin bayani” guda shida da ke ƙarshe na mayar na bashi, kuma ba su isa ba.

Akwai wani shafi da ake so ka rubuta sunan wanda zai riƙa bibiyarka, ya sa hannu. Na san daga inda aka ɗauko, kuma na yarda yana aiki. Amma a nan mutum ba ya baza shirinsa a faifai, ana tsoron baki, ana kuma gudun a ce ka cika buri. Ga littafin da ƙaton rubutu a bango da ke shelar abin da ke ciki, ka ajiye shi a kan teburin yanka kowa sai ya kai hannu. Wani dattijo kwastomana ya ɗaga shi ya juya, ya ce, “Malam tela, kai da ba ka san gobe ba, mi kake rubuta wa Disamba?” Na ce, “Baba, ai ko manomi bai san zai ga kaka ba yake shuka, kuma kowane layi da in sha Allahu na rufe shi.” Ya yi dariya ya ce to Allah ya cika. A shafin mai bibiya uwargida na sa. Ba ta sa hannu ba, ta ce ita ba takardar kotu take cikewa ba, amma duk Juma'a sai ta tambaya ina aka kwana a maganar inji, kuma tambayarta ta fi kowane akwati kaifi.

Ta fuskar ciniki ba ni da ƙorafi. Na tura kuɗi da safe, kafin magariba mai adaidaita ya kawo min har shago, kuɗin kawowa a kaina. Hausar littafin tsaftatacciya ce, an sa ƙugiya a inda ya kamata, abin da ko allunan gwamnati ba kullum suke yi ba. An yi alƙawarin za a riƙa turo tunatarwa a wani zauren WhatsApp na masu littafin. An yi ta da zafi a Janairu, ta yi sanyi kafin azumi, daga baya zauren ya koma wurin tallar turaren wuta da atamfa, na fita.

Tambayar da kowa ke min ita ce ko littafin makaranta mai shafi 80 ba zai yi wannan aikin ba. Zai yi, in kana da haƙurin ja wa kanka layi da rubuta tambayoyin nan kowane mako. Ni na san littafin awona, yadda lambar wayar mai gawayi da lissafin cefane suke kutsawa tsakanin kafaɗa da tsawon hannu. Littafin da ba a tsara ba komai yake ɗauka. Waya kuma, akwai manhajoji irin su Google Keep da ba a biyan ko sisi, amma ka buɗe don duba buri sai ka farka a TikTok. Naira 6,000 da na biya kuɗin tsarin ne, da kuma nauyin da mutum ke ji in ya ga shafin da ya bari fari.

Malamin makaranta, ma'aikaci, ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Tarayya ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, waɗanda zangon karatu da albashi ke yanka musu shekara, littafin zai zauna musu kusan yadda yake. Mai sana'ar hannu da ɗan kasuwa su saya da shirin yi masa gyara, kamar rigar kanti da sai an rage mata hannu. Wanda karatun boko bai zauna masa sosai ba zai sha wuya, don rubutun akwatunan ƙanana ne, kuma gurbin ya yi wa ajami kaɗan.

Na tura wa mai littafin waɗannan abubuwa: a sa shafin Ramadan da na shirin Salla biyu, a bar ranar bita da kwanan watan Musulunci a buɗe, a ƙara adashe da bashi, a cire labarin kashi 3, a ɗinke shi da zare maimakon waya. Ta amsa da ladabi, ta ce, “Na gode ƙwarai Yaya, labarin nan za a cire shi, amma na 2026 an riga an kai maɗaba'a, sauran sai bugu na gaba.” Ta ce ɗinkin zare zai ƙara kuɗi, kuma masu saye da yawa ɗalibai ne. Na ba da odar guda biyu, ɗaya nawa, ɗaya na babban yarona da nake shirin yayewa bayan babbar Salla, don ya fara lissafin keke da hayar shago tun yanzu. In sun iso, kafin a rubuta komai za mu zauna da kalandar masallaci mu ja wa makonni shida kafin kowace Salla jan layi, mu kwashe burin da ke cikinsu mu mayar watannin da kasuwa ke kwance.